Kufai Mai Wakilai Biyu: Labarin Mazaɓar Old Sarum

 

Akwai kalma guda da nake so ku riƙe mini ita har in koma kujerata: kufai. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kufai. Wuri ne da aka taɓa zama, aka ci kasuwa, aka yi aure, aka yi suna, sannan aka tashi. Abin da ke shaida maka an taɓa zama a wurin sai fasassun tukwane a cikin kunya, ko rijiyar da ta birne, ko kuka guda tsaye ita kaɗai. To labarin wani kufai na kawo muku yau daga Ingila, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru babu mai kwana a cikinsa, amma duk zaɓe sai ya aika wakilai biyu majalisar dokoki a Landan. Sunansa Old Sarum.

Tudu ne a lardin Wiltshire, kudancin Ingila, kamar kilomita 3 arewa da birnin Salisbury. Allah ya nufa na taɓa hawansa wata safiya. Ganuwa biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, kowace da gwalalonta mai zurfi, ciyawa ta lulluɓe su. A tsakiya akwai ragowar katangun fadar sarki. Gefe guda an zana harsashin wata tsohuwar majami'a a ƙasa, kana iya bin ta da ƙafa ka gane inda ƙofa take, ka gane inda ake tsayuwar ibada. Abin da ba zan manta ba ita ce iska. Tun da na hau har na sauko hannuna na kan hulata. Idan ka juya kudu kuwa, ga Salisbury a kwance cikin kwari, hasumiyar babbar majami'arta mai tsawon mita 123 ta soki sama. Tsayuwa guda kana ganin garin da aka baro da garin da aka koma.

Da, gari ne mai daraja. Tun kafin zuwan Rumawa aka yi masa ganuwa. A 1086 Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi, a nan ya tara manyan ƙasar suka yi masa mubaya'a. Aka gina fada da babbar majami'a a cikin ganuwa guda, sai zama ya ƙi daɗi tsakanin sojojin fada da malaman coci. Malaman suka kai kuka wurin Fafaroma Honorius na Uku: ruwa na yi musu wuya, iska na hana su jin muryar junansu in suna ibada, sojoji kuma na tare wa masu zuwa coci hanya. Ya ba su izinin tashi. A 1220 aka aza harsashin sabuwar majami'a a kwari, bakin kogi, mutane suka bi malamansu, kasuwa ta bi mutane. Hatta duwatsun tsohuwar majami'ar daga baya kwasarsu aka yi aka yi gini da su a sabon gari.

Ku lura da shekarun. An fara tashi a 1220. Amma a 1295, da Sarki Edward na Ɗaya ya kira majalisa yana neman kuɗin yaƙi, ya ce kowane lardi ya aiko jarumai biyu, kowane gari mai takardar 'yanci ya aiko mutum biyu, sunan Old Sarum na cikin waɗanda aka kira. Wato tun ranar farko garin da ke kan gangara aka ba kujera. A zamanin nan zuwa majalisa ba abin so ba ne. Gari ne ke biyan wakilinsa sule 2 a rana, abin da za a je yi kuma shi ne amincewa da haraji, shi ya sa wasu garuruwa har roƙo suke yi a ɗauke musu. Ba wanda ya damu ya tambaya ko mutum nawa suka rage a kan tudu. Zuwa wajen 1540, wani matafiyi mai rubuta abin da ya gani, John Leland, ya iske babu gida ko ɗaya da ake zaune a ciki. Kujeru biyun kuwa suna nan daram.

Yaya aka yi haka? A Ingila ta lokacin babu ƙa'idar zaɓe guda. Kowane gari da al'adarsa. Wani garin 'yan majalisar gari kaɗai ke zaɓe. Wani garin duk mai biyan kuɗin gari. Akwai ma inda sharaɗin shi ne mutum ya zama yana da murhun kansa da zai ɗora tukunya a kai. A Old Sarum da ire-irensa kuwa ƙuri'a a jikin ƙasa take. Akwai wasu tsofaffin fegi da aka sani tun zamanin da gari na gari, duk wanda takardar fegi ke hannunsa shi ke da ƙuri'a, ko yana zaune a nan ko yana Landan, ko akwai gini a fegin ko alkama ce a kai. Kun ga ke nan wanda ya sayi filayen duka ya sayi ƙuri'un duka.

Da majalisa ta yi ƙarfi, musamman bayan 1688 da ta fi ƙarfin sarki, sai abin da ake gudu jiya ya zama abin nema. Taswirar mazaɓu kuma ta daskare. An ɗan taɓa ta zamanin Oliver Cromwell, lokacin da Ingila ba ta da sarki: a majalisar 1654 an cire Old Sarum, an ba Manchesta da Leeds wakilci. Da aka dawo da sarauta a 1660 komai ya koma gidan jiya, kuma tun daga ƙarshen wannan ƙarni kusan ba a sake buɗe wa wani sabon gari ƙofa ba sai 1832.

A farkon shekarun 1690 wani ɗan kasuwa, Thomas Pitt, ya sayi ƙasar da tudun yake ciki. A Indiya ya yi arzikinsa. Ya fara da yi wa Kamfanin Gabashin Indiya kutse a cinikinsa, da suka ga ba su iya da shi sai suka naɗa shi gwamnan Madras a 1698. A can ya sayi wani ƙaton lu'ulu'u wanda ya sayar wa mai riƙon sarautar Faransa a 1717 kan fam 135,000. Dutsen yana gidan tarihi na Louvre a Faris har yau. Shi da kansa ya zauna kan kujerar Old Sarum sau da yawa, ya ɗora 'ya'ya da dangi, ta zama gadon gida kamar gona. Wani jikansa da bashi ya yi masa katutu har jinginar da ikon naɗa wakilan ya yi. Ina so ku ji nauyin wannan kalma, jingina. Abin da muka sani ana jinginarwa gona ce, ko gida, ko keken ɗinki. Nan muryar da za ta yanke wa al'umma haraji da yaƙi aka jinginar. A 1802 gidan Pitt suka sayar da wurin ga Earl na Caledon, ɗan gidan Alexander, su ma masu arzikin Indiya, kan kuɗin da ya haura fam 40,000. Gonakin da ke wurin ba su kai kusa da wannan daraja ba. Kowa ya san abin da aka saya.

Bari in kai ku ranar zaɓe. A gindin tudu, cikin gona, akwai wata ƙatuwar bishiya. A ƙarƙashinta ake kafa rumfa, a ajiye tebur da kujeru. Baturen zaɓe yaron mai ƙasa ne. Masu zaɓe 'yan tsiraru ne: a 1802 mutum 7 ne, a 1831 mutum 11, ba ɗaya da ke zaune a wurin. Abokai ne da barorin mai ƙasa, waɗanda aka rubuta wa takardar fegi saboda wannan rana, in an gama su mayar. Sai a karanta umarnin sarki da murya sama, a karanta dokar da ta hana cin hanci a zaɓe, a kira sunan mutum biyu, a tambayi kowa wanda yake so. Babu akwati, babu sirri, kowa da bakinsa yake faɗa a gaban wakilin ubangidansa. A rubuta sakamako, a sa hannu, a naɗe rumfa, manomi ya koma aikinsa. Sau da yawa waɗanda aka zaɓa ba sai sun zo ba.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Babu maguɗi a Old Sarum. Ba a yi aringizon ƙuri'a ba, ba a saci akwati ba, ba a kori wakilin kowa ba. An bi kowace ƙa'ida sau da ƙafa, har da karanta dokar hana cin hanci. Da maguɗi ne da akwai inda za a kai ƙara. Amma zaluncin da doka ta tsaya masa, wa za ka kai wa? Kuma ba wani mugu ne ya zauna ya ƙirƙiro shi ba. An dai bar abin da aka rubuta a 1295 yana aiki bayan mutanen da aka rubuta dominsu sun tashi, shekara ta bi shekara ba a waiwaya ba, har masu kuɗi suka gane amfaninsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Dunwich, wanda teku ta cinye mafi yawansa, yana aika biyu. Akwai Gatton, 'yan gidaje a harabar wani attajiri, yana aika biyu. Lardin Cornwall kaɗai na da wakilai 44, Sikotland gaba ɗayanta 45. Mutane suka laƙaba musu suna, ruɓaɓɓun mazaɓu, ko mazaɓun aljihu. A 1793 wani matashin ɗan majalisa, Charles Grey, ya gabatar da takardar koke da ke cewa mutum 154 ne ke naɗa wakilai 307 cikin 558. Ku riƙe sunan nan, zai dawo.

A ɗaya gefen ga Manchesta, ga Birmingham, ga Leeds, ga Sheffield, garuruwan masaƙu da maƙeru da arzikin Ingila ya dogara a kansu, babu mai wakilin kansa ko ɗaya. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutane wajen 60,000 suka taru a filin St Peter a Manchesta, maza da mata da yara, da yawa cikin kayansu na zuwa coci, don su saurari Henry Hunt yana magana a kan gyaran zaɓe. Hukuma ta tura mahaya dawaki da takubba cikin taron. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Abin da suka fito nema shi ne abin da gonar alkama ke da shi har biyu.

Adalci ne in faɗi hujjar masu kare tsarin, don ba dukansu ne maƙaryata ba, kuma hujjarsu mai nauyi ce. Sun ce ta wannan ƙofa ce haziƙan matasa marasa kuɗi ke shiga majalisa. Gaskiya ne. A 1735 jikan Thomas Pitt, William, yana ɗan shekara 26, ƙaramin hafsan soja, ya shiga majalisa ta Old Sarum. Shi ne ya zama gwarzon mai magana na zamaninsa, ya ja ragamar ƙasar a Yaƙin Shekara Bakwai, ya zama firaminista. Manyan 'yan siyasa irin su Edmund Burke da Charles James Fox da ɗan William ɗin, William Pitt Ƙarami, duk ta mazaɓun aljihu suka fara. Har ɗan gwagwarmayar gyara John Horne Tooke, wanda aka taɓa gurfanarwa bisa zargin cin amanar ƙasa aka wanke shi, ta Old Sarum ya shiga a 1801, saboda mai wurin na lokacin, Lord Camelford na gidan Pitt, ya ga dama. Majalisa ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta kafa dokar hana limaman cocin Ingila zama wakilai, tunda shi ma an taɓa naɗa shi limami. Dokar ta yi shekara 200 tana aiki, sai 2001 aka soke ta.

Hujja ta biyu, sun ce ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, saboda haka masaƙin Manchesta na da wakili ko da bai zaɓi kowa ba. Wannan maganar ce aka faɗa wa mutanen Amurka lokacin da ake ɗora musu haraji, kun kuma san inda ta ƙare a 1776, da suka ɓalle daga Birtaniya.

Ni kam hujjojin nan biyu ba su gamsar da ni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Komai hazaƙar wanda aka ɗora, idan ya yi kuskure wa zai tuhume shi? Wanda ya ɗora shi kaɗai, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ana lissafa mana haziƙai biyar ko goma, ba a lissafa ɗaruruwan da suka zauna shekaru suna ɗaga hannu duk inda ubangida ya nuna. Shi kansa William Pitt babba, da ya girma, ya kira irin waɗannan mazaɓu ruɓaɓɓen sashen tsarin mulkin ƙasar. Ɗansa kuma, yana firaminista a 1785, ya kawo ƙudurin a karɓe kujerun ƙananan garuruwa 36 a biya masu su diyya daga asusun fam miliyan 1. Aka kayar da shi, 248 da 174. Ku dubi yadda abin ya shiga jini: hatta mai neman gyara yana ganin kujerar majalisa dukiya ce da sai an biya mai ita. Da aka haɗe Ireland da Birtaniya a 1800 kuwa biyan aka yi, fam 15,000 kowace mazaɓar da aka rushe. A 1829 wani babban basarake, Duke na Newcastle, ya kori masu haya a gidajensa a Newark don sun ƙi zaɓar ɗan takararsa, da aka yi masa magana ya ce ai yana da ikon yin yadda ya so da abinsa.

Tura ta kai bango a 1830. Firaminista Wellington, wanda ya ci Napoleon a Waterloo, ya miƙe a majalisa cikin Nuwamba ya ce tsarin ba ya bukatar gyara ko kaɗan. Cikin makonni biyu gwamnatinsa ta faɗi. Wanda ya gaje shi shi ne Grey ɗin nan na 1793, yanzu dattijo. Ranar 1 ga Maris 1831 Lord John Russell ya karanta jerin garuruwan da za a cire a gaban mutanen da ke zaune a kan kujerun. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a guda, 302 da 301, sannan ya cije. Aka rushe majalisa, aka yi sabon zaɓe, masu gyara suka yi rinjaye. Majalisar dattawa, ta masu gadon sarauta da manyan limaman coci, ta yi watsi da shi cikin Oktoba da ratar ƙuri'a 41. Gari ya kama da wuta. A Nottingham aka ƙone fadar Duke na Newcastle ɗin nan, a Bristol aka yi kwana uku ana tarzoma, rayuka suka salwanta. Cikin Mayu 1832 Grey ya ajiye aiki, Wellington ya kasa kafa gwamnati, jama'a suka yi ta kwashe zinariyarsu daga banki. Da Sarki William na Huɗu ya yarda zai naɗa sababbin dattawa har su rinjayi masu ƙi, sai masu ƙin suka janye. Ranar 7 ga Yuni 1832 ƙudurin ya zama doka. Garuruwa 56 suka rasa kujerunsu ƙaƙaf, Old Sarum na ciki, kuma ba a biya kowa ko kwabo ba. Wakilansa na ƙarshe 'yan gidan Alexander ne su biyu.

Kada mu ɗauka an gama. Manchesta ta samu wakilai biyu, amma sharaɗin zaɓe a birane ya zama zama a gidan da hayarsa ta kai fam 10 a shekara. Masaƙan da aka sara a filin St Peter akasarinsu ba su kai nan ba. Kamar namiji ɗaya cikin biyar ne ya samu ƙuri'a a Ingila da Wales, dokar kuma ta ambaci maza ƙarara. Sai 1872 aka fara jefa ƙuri'a a asirce, sai 1918 aka ba duk namiji baligi da akasarin matan da suka kai shekara 30, sai 1928 mata suka yi daidai da maza.

Mu ma abin ya taɓa mu, don daga gidan nan aka kawo mana majalisa. Da Gwamna Clifford ya shigo da zaɓe Najeriya a 1922, kujeru 4 ya ware, 3 a Legas, 1 a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara zai yi zaɓe. Tunanin 1832 ke nan, auna mutum da aljihunsa. Arewa ba ta da kujera a wannan majalisa sai da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947. Zaɓen 1951 a Arewa hawa-hawa aka yi shi, En'e kuma na da ikon saka nata mutanen a matakin ƙarshe, abin da jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka da shi. Iyayenmu mata na Arewa kuwa, duk da ɗauri da dukan da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha, sai 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Sannan mazaɓun tarayya 360 da muka sani a 1996 aka shata su, aka shafe sama da shekara 20 ana zaɓe a kan shatin nan, alhali kowa a ɗakin nan ya ga yadda unguwannin bayan ganuwa suka cika suka batse a Kano da Kaduna da Katsina cikin waɗannan shekaru. Ba na cewa muna da kufai mai wakili. Ina dai cewa tambayar da ba a yi wa Old Sarum ba tsawon shekara 500, wato mutum nawa ne a nan yanzu, kowane ɗalibi a cikinku zai iya yi wa mazaɓarsa.

Ranar da na sauko daga tudun na bi wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gona ta nufi ƙauyen Stratford-sub-Castle. Bishiyar babu ita, an sare ta a 1905. A kusa da inda take an kafa wani dutse a 1931, an manna masa allo mai rubutu, yana shaida cewa nan ne ake zaɓen wakilan Old Sarum, nan aka zaɓi William Pitt. Dutsen ba shi da wani girma, ciyawa ta kewaye gindinsa. Na tsaya na karanta shi sau biyu. Wata tsohuwa ta zo wucewa da karenta, ta gaishe ni, ta ci gaba da tafiya.